Ɗan Kasuwa Mai Ciwon Baifola: A Shirya Tun Ana Cikin Lafiya

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwannin yankin Mayo Rai, tun daga Rai Buba da Tubaro har zuwa Mbaimbum inda iyakokin Kamaru da Chadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗu, ya san irin wannan ɗan kasuwa. Mutum ne mai natsuwa da riƙon amana, sai kwatsam a ga ya daina barci, magana ba ƙaƙƙautawa, ya ci bashi nan, ya sari kaya can, yana cewa bana sai ya sayi tirela uku. Bayan 'yan makonni kuma sai ya shige ɗaki, ko rumfarsa ya kasa buɗewa. Mukan ce iska ce, ko an yi masa sammu, ko kuɗi ne suka juya masa kai. Sau da yawa kuwa ciwo ne da likitoci suka sani, suna kiransa baifola, kuma yana da magani.

Ciwon yana da fuska biyu. Akwai lokacin hauhawa, wanda kan ɗauki mako guda ko fiye, mutum ya ji ƙarfi ya wuce kima, ya kwana sa'a biyu ko uku ba ya jin gajiya, ya riƙa ɓarnar dukiya da saurin fushi. Akwai kuma lokacin faɗuwa, mako biyu ko fiye na baƙin ciki da mutuwar jiki, har wani ya fara tunanin kashe kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 40 ne ke da shi. Yakan soma ne tun ana samari, kuma yana bin jini a wasu gidajen.

Abin da ya sa ya fi yi wa ɗan kasuwa illa shi ne, farkon hauhawar kama yake da himma. Abokan sana'a na yaba masa, dillalai na tururuwa gare shi, shi kuma yana ganin bai taɓa jin daɗi haka ba. Kafin a farga jari ya tafi, mutunci ya bi baya. Don haka ra'ayinmu shi ne, a yi shiri tun ana cikin lafiya, domin idan ciwon ya tashi, mai shi ne na ƙarshe da zai yarda ba shi da lafiya.

Shiri na farko shi ne ganin likita da riƙe magani. Tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna amfanin maganin litiyam, kuma har yau ana ba da shi, tare da wasu irin su balfurowet da kabamazafin. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a arewacin Kamaru, gaskiya ne, amma a fara da asibitin gunduma, a nemi takardar zuwa babban asibitin Garwa. Masu harka da Nijeriya sun san akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Babban kuskure shi ne barin magani da zarar an ji sauƙi, don nan ne ciwon ke dawowa. Wanda ke zaune a Rai Buba ya tanadi na watanni kafin damina ta lalata hanya.

Mai shan litiyam ya kula da zafin Garwa na watannin Maris da Afrilu. Idan jiki ya rasa ruwa saboda gumi ko zawo ko amai, maganin kan taru a jini ya zama guba. Ya yawaita shan ruwa, ya riƙa yin gwajin jini yadda likita ya ce, ya kuma guji magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen da ake saye a tebur. Idan ya ga hannu na rawa sosai, tafiya na tangaɗi, harshe na nauyi, asibiti kai tsaye. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa wa likita, domin balfurowet na iya cutar da ɗan tayi. Kafin azumi ma a zauna da likita a tsara lokutan shan magani, tunda addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Na biyu shi ne barci. Rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, mu kuwa sana'armu ta tafiyar dare ce. Mai wannan lalura ya tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ya rage goro da shayi mai kauri da yamma, ya bar wa yaronsa rakiyar kaya cikin dare idan da hali. Taramol da wiwi da giya kuwa, zuba fetur ne a wuta.

Na uku, mu da muka saba da littafin bashi, mu buɗe wani na lafiya. Kullum a rubuta sa'o'in da aka yi barci, da yadda zuciya take, da kuɗin da aka kashe, ko da boko ko da ajami. Idan aka ga kwana biyu ko uku a jere barci ya ragu amma ba gajiya, kashe kuɗi ya ƙaru, to lokacin kiran likita ya yi.

Na huɗu, a zaɓi amintacce, ko mata, ko wa, ko abokin cinikin da aka yarda da shi. A yi yarjejeniya gaban shaidu cewa idan alamun suka bayyana, shi zai riƙe babban jari da lambar sirrin kuɗin waya, kuma ba sayar da gida ko shanu, ba ɗaukar sabon bashi, sai an kwana biyu an yi shawara. Ba ƙasƙanci a cikin wannan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sauran aikin namu ne, 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa. Dillalin da ya ga ɗan'uwansa a wannan hali ya tura masa kaya bashi, ya ci amana. Mu daina kiran mutum mahaukaci, mu daina ɗaure shi da mari. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwarin auduga daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Idan ya warware, a buɗe masa rumfarsa a ci gaba da ciniki da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.