Kuskuren Manhaja a Ɗakin Tiyata: Illar "A Sayar Yanzu, A Gyara Daga Baya"

Sharhinmu na yau yana kan na'urorin tiyata da ake janyewa saboda kuskuren manhaja.

A shekarar 2019, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta sanar da janye wata na'ura da ke taya likitoci tiyatar ƙwaƙwalwa, saboda manhajarta kan kai hannun na'urar inda ba nan likita ya nufa ba. A 2023 aka janye wata ta tiyatar ciki, wadda wani sashenta kan ci gaba da juyawa bayan likita ya daina sarrafa ta. Duka biyun an sanya su a mataki na ɗaya na janyewa, wato inda ake fargabar mummunan rauni ko rasa rai. Rubutun da ke ba na'urar umarni ne ya karkace, alhali majinyaci yana kwance an sa masa maganin barci, ba ya iya cewa uffan. Wani rahoton hukumar ya nuna janye kayan aikin asibiti ya tashi daga 604 a 2003 zuwa 1,190 a 2012, kuma a shekarun ƙarshe na wannan lissafi kuskuren tsara manhaja ne ya fi kowane dalili yawa.

Mu a ganinmu tushen matsalar ɗaya ne: ɗabi'ar a sayar yanzu, a gyara daga baya. Masu ƙera kaya sun saba da cewa gyaran manhaja ba ya cin kuɗi kamar narkar da ƙarfe a sake zubawa, don haka sai a hanzarta zuwa kasuwa kafin abokin gasa, da niyyar in an ga kuskure a aiko da sabuntawa. Wannan ɗabi'a tana iya wucewa a wayar hannu, inda mafi munin abin da zai faru shi ne a kashe a kunna. A cikin kan ɗan Adam kuwa, kaucewar milimita biyu ko uku na iya raba mutum da maganarsa ko tafiyarsa har abada. Sauri ya kan haifi nawa, kuma a nan majinyaci ne ke biyan kuɗin saurin da jikinsa.

Tarihi ya riga ya ba da darasi. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta ƙona mutum shida a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Idan ma'aikaciya mai saurin hannu ta gyara umarnin da ta shigar cikin daƙiƙa takwas, manhajar kan ruɗe ta saki haske mai ƙarfi ba tare da kariya a gabansa ba, allon kuma ya nuna lambar kuskure kawai, babu bayani. Samfurin da ya gabace ta yana da irin wannan kuskure, amma yana da makullin tsaro da bai dogara da manhaja ba, don haka fis ne kawai ke ƙonewa. Da aka cire makullin aka miƙa wa manhaja dukan amana, sai mutane suka fara ƙonewa.

Wani zai ce na'urorin tiyatar nan sun kawo alheri: ƙaramar tsaga, ƙarancin zubar jini, saurin warkewa. Gaskiya ne, ba ma kiran a koma baya. Amma wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya duba rahotannin Amurka daga 2000 zuwa 2013, ya ƙirga matsaloli 10,624 a tiyatar da ake yi da irin waɗannan na'urori, 8,061 daga ciki tangarɗar na'ura ce, kuma fiye da sau dubu sai da aka katse aiki ana tsaka da shi. Wani kuma zai ce babu manhajar da ba ta da kuskure. Wannan hujja tamu take ƙarfafawa: tunda an san kuskure zai zo, dole a bar birkin da ba ya jiran izinin manhaja, a bar wa likita hanyar ƙarasa aiki da hannunsa. Na uku zai ce janyewar kanta shaida ce cewa sa ido yana aiki. Yana aiki, amma sau da yawa sai bayan koke ya iso daga ɗakin tiyata, wato ihu bayan hari.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Takardar janyewa tana zuwa ne ga wanda sunansa ke cikin rajistar kamfani. Asibitocinmu da dama suna aiki da kayan da aka saya na hannu ko aka bayar kyauta, bayan sun bi ta hannun dillalai biyu ko uku. Wa zai sanar da su? Wane injiniya zai zo ya sabunta manhajar? Na'urar da aka gyara 'yan'uwanta a Turai tana iya ci gaba da aiki a nan da tsohon kuskurenta, babu wanda ya sani.

Don haka muna kira ga hukumomi su tilasta gwajin manhaja mai tsanani kafin sayarwa, da kuma bayan kowace sabuntawa. Shugabannin asibitoci su riƙe rajistar kowace na'ura da lambarta da sigar manhajarta, su riƙa bibiyar sanarwar janyewa, kuma kada su karɓi kayan da ba a san inda za a samu gyaransu ba, ko da kyauta ne. Likitoci da ma'aikatan jinya su kai rahoton duk wani motsin na'ura da ba su gane ba, komai ƙanƙantarsa. Masu ƙerawa kuwa su ji tsoron Allah, su gama gyara kafin su sayar.