Sharhi: Yabon Gwani Ya Zama Dole, Amma A Tantance Gwanin

A watan Oktoban shekarar 2022 ne shugaban Nijeriya na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya miƙa lambar yabo ta riƙon amana ga Sufuritanda Daniel Amah, baturen 'yan sanda a birnin Kano, wanda ya ƙi karɓar cin hanci na dala 200,000 da aka yi masa tayi domin ya binne binciken wani fashi. Ko shakka babu, wannan karramawa ta dace. Ɗan sandan da albashinsa bai taka kara ya karya ba, idan ya kau da kai daga irin wannan dukiya, ya cancanci ƙasa ta san sunansa, na baya kuma su yi koyi.

To amma fa akwai darasi. A shekarar 2020 majalisar wakilai ta karrama Abba Kyari a matsayin gwarzo. Shekara guda bayan haka hukumomin Amurka suka zarge shi da alaƙa da ɗan damfarar nan Hushpuppi, wanda 'yan sandan Dubai suka cafke, aka kuma dakatar da shi daga aiki.

Saboda haka wajibi ne bincike ya riga yabo, a kuma saurari talakawan da jami'in ke yi wa aiki. Sannan lambar yabo ba ta ciyar da iyali. Muddin ba a kyautata albashi, gidaje da fanshon ƙananan 'yan sanda ba, masu gaskiya za su ci gaba da zama 'yan tsiraru.