Kafin a Ga Laifin Manhaja, a Duba Agogo

Yau za mu leƙa duniyar masu sauraron tauraron ɗan'adam daga gida.

A ƙasashe da dama akwai mutanen da ke kafa eriya a rufin gida, su haɗa ta da 'yar na'urar rediyo da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, su riƙa kama saƙon taurarin da ke giftawa ta samansu. Da yawansu suna cikin SatNOGS, shirin da ya samo asali a ƙasar Girka, ya kuma ci gasar Hackaday a 2014. Tauraron da ke kewayawa kusa da duniya ba ya wuce minti 10 zuwa 15 a saman tasha, wani lokacin ma cikin tsakar dare. Shi ya sa ake barin manhaja ta tsara jadawali, ta kunna rediyo da kanta idan lokaci ya yi.

Matsalar tana zuwa ne ranar da mai tasha ya farka ya tarar ba a kama komai ba sai shuuu. Nan take sai a ce manhaja ta lalace, a goge ta a sake sakawa. Mu a ganinmu wannan gaggawa ce. Manhaja 'yar aike ce, abin da aka gaya mata shi take bi. Abubuwa uku ya kamata a fara tuhuma.

Na farko agogo. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tafiyar kusan kilomita 7.6 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan idan agogon kwamfuta ya yi latti da minti ɗaya tak, ta riga ta yi gaba da fiye da kilomita 450. Yawancin nau'o'in Raspberry Pi ba su da batirin riƙe lokaci, daga intanet suke samunsa. Da an ɗauke wuta an dawo babu intanet, agogo ya rikice. Sannan jadawalin yana tafiya ne da agogon UTC, wanda ya yi daidai da na GMT. Mai tasha a Najeriya ko Nijar da ya manta cewa muna gaba da awa ɗaya zai zauna jiran baƙon da bai ma kama hanya ba.

Na biyu bayanan hanyar tauraro, wasu layuka biyu na lambobi da ake kira TLE, waɗanda ake saukowa da su daga wurare irin CelesTrak. Waɗannan bayanai tsufa suke yi. 'Yar iskar da ta rage a can sama tana jan tauraro ƙasa a hankali, wani kuma ana kunna injinsa a ɗaga shi. Bayanan da suka kwana biyu sukan sa eriya ta kalli inda babu kowa, su kuma ɓata lissafin sauyin mita da gudun tauraro ke jawowa. A zangon megahaz 437 wannan sauyi yakan kai kilohaz 10 sama ko ƙasa.

Na uku abin da mai tasha ya rubuta da hannunsa. Alamar ragi ɗaya da aka manta a lambar wuri tana iya ɗauke tasha daga yamma ta kai ta gabas. Haka jerin taurarin da aka zaɓa. A 2025 Amurka ta dakatar da NOAA 15 da 18 da 19, taurarin hasashen yanayi da masu koyo suka daɗe suna farawa da su. Duk wanda bai gyara jerinsa ba, manhajarsa tana iya ci gaba da yin sallama a gidan da aka tashi.

Wani zai ce, to mene ne amfanin manhaja mai aiki da kanta idan sai an tsaya a kanta? Tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce ta ɗauke maka tashin dare, amma ba ta ɗauke maka dubawa ba. Kuma asarar ba ta mai tasha kaɗai ba ce. Akwai ɗaliban jami'o'i da suka shafe shekaru suna ƙera ƙaramin tauraro, suna dogaro da tashoshin 'yan sa-kai don jin ko yana raye. Tashar da ke aika shirme kullum tana cika rumbun jama'a da ƙaiƙayi, har a ɗauka tauraro mai lafiya ya mutu.

Saboda haka shawararmu: a duba agogo, a sabunta bayanan hanya, a tabbatar da lambar wuri, a gwada da tauraron da aka san yana magana, a riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya ana rubutawa. Idan duk an yi wannan matsala ba ta tafi ba, to lokacin ne za a kai ƙorafi ga masu manhajar, da hujja a hannu. Su ma 'yan sa-kai ne, rahoto mai tsabta yana sauƙaƙa musu gyara.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.