Tsadar Abinci Ta Mayar Da Mu Makarantar Murhu

Yau zancenmu a kan murhu yake, da yadda halin kasuwa ya sa koyon girki ya zama tilas a kowane gida.

Kun tuna a ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi shi, domin kowane buhun hatsi a mota yake zuwa kasuwa. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Nama da kifi da ƙwai su ne suka fara ɓacewa daga tukunya, ga shi kuwa su ne masu gina jikin yaro.

A irin wannan hali, macen da ta iya girki iri uku kaɗai ta shiga uku. Wadda ta iya sarrafa hatsi da wake hanyoyi da yawa kuwa, ba ta rasa abin sa wa iyalinta.

Ku dubi waken soya, wanda ake nomawa da yawa a jihohin Binuwai da Kaduna. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, ga shi bai kai nama tsada ba. Ki jiƙa shi ya kwana, ki wanke, a niƙo, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Ki dafa madarar har ta tafasa sosai, don ɗanyen waken soya yana ɓata ciki. Sa'an nan ki zuba ruwan tsami na kamu kaɗan-kaɗan har ta dunƙule. Ki kwashe cikin ƙyalle, ki ɗaure, ki danne da abu mai nauyi, ki yanka, ki soya. Kin sami awara ke nan. Dusar kuma ta awaki da kaji ce.

To, ina matsalar take? Tana wajen koyarwa. Ke uwargida, kin manta da tuwon ƙasa da kika yi kina yarinya, da gwangwani a matsayin tukunya? Ba wanda ya tilasta miki, daɗinsa kika ji. Amma yau da zarar 'yarki ta ƙona miya, sai zagi da dungurin kai. Yarinyar da aka koya wa girki da tsawa takan ɗauki kicin gidan horo. Ki ware mata rana ɗaya a mako, ki ba ta rabin gwangwanin wake ta gwada. In ya lalace, ku yi dariya tare, ki nuna mata inda ta kuskure. Asarar rabin gwangwani ba ta kai asarar buhu a gidan miji ba. 'Yan'uwanta maza ma a jawo su, gobe za su tafi makarantar kwana.

Ku kuma 'yan makaranta, mun san kuna kallon girke-girke a waya, a YouTube da TikTok. Wannan ba laifi ba ne, sai dai da yawansu suna bukatar kayan da suka fi ƙarfin kuɗin cefane. Ku fara da ɗanwake, da dambu, da faten tsaki, da kwaɗon zogale. Ku zauna kusa da kakanninku, ku rubuta awon kome a littafi. Da hutu ku haɗu ku uku ko huɗu, kowace ta koya wa sauran abin da ta iya. Wadda ta gwanance, awarar da ta soya a ƙofar gida za ta saya mata littafi da sabulu.

Ku gwada a wannan mako, ku rubuto mana yadda aka ƙare. Sai mun sake saduwa a wannan fili.