A Sa Wa 'Yan Sakandare Gasar Alƙalami A Ƙasar Dutse

Malamai da attajirai na ƙasar Dutse, maganarmu ta wannan mako a kan 'ya'yanku ce waɗanda ke makarantun sakandare, da abin da a ke ba su su rubuta, da abin da ya kamata a ƙara musu. Kada wani ya ce wannan sha'anin 'yan boko ne, ba ruwan mai allo ko mai awo. Yaron da ke ajin ƙarshe a Dutse ko Birnin Kudu ko Kiyawa, in an bincika, sai a tarar ɗan alaramma ne ko ɗan mai rumfa a kasuwar Shuwarin, kuma shi ne gobe za a miƙa wa alƙalami a ce ya rubuta takardar cinikin gona, ko ta rabon gado, ko wasiƙa zuwa ga hukuma.

Ga yadda al'amarin ya ke. A makaranta akwai darasin da a ke kira insha'i, watau malami ya ba da kan magana, yaro ya tsara bayani a kai daga kansa, da Hausa ko da Ingilishi. Wani lokaci labari a ke so, wani lokaci siffanta abu, ko muhawara, ko wasiƙa. A ƙarshen shekara ta shida kuwa sai yaro ya zauna jarrabawar WAEC ko ta NECO, inda a takardar Ingilishi ta WAEC a kan nemi ya rubuta kalmomi wajen 450. To, da ya ke jarrabawar nan ita kowa ya sa a gaba, sai insha'i ya koma shirin tsallake ta kawai. Kan maganar da aka ba wa, shi za a ba ƙane: ranar da ba zan manta da ita ba, ko makarantarmu, ko amfanin ilmi. Yara su haddace na wani, su zuba. Yanzu ma an sami sauƙin da ya fi wannan muni, gama yaro na iya ɗauko rubutun daga intanet, ko ya sa na'urar da ke tsara magana ta tsara masa, ya kwafe da hannunsa ya kai. Ba mu ga laifin malami ƙwarai ba, don wanda aji ya cika masa maƙil ba ya iya bin kowane littafi da jan biro kowane mako. Amma sakamakon a fili ya ke. Yaro ya gama, ga takardar shaida a hannu, a ce ya rubuta wa mai bashin ubansa a Legas wasiƙa mai ladabi wadda kuma ba ta bar hakki ya salwanta ba, sai ya tsaya yana cizon biro.

Ku malamai kun fi kowa sanin bambancin mai kwafa da mai tsarawa. Gwanin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, darajarsa ita ce bai ƙara wasali ba, bai rage ba, kuma nan ne wurin da ƙari ya ke haram. Amma magabata ba su tsaya nan ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa don karantar da mata. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya bi fatake har ya zauna Salga, ya kuma rasu a Karaki ta ƙasar Gana a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi a kan yadda a ke tsara wasiƙa, don ya san fatauci ba ya tafiya sai da takarda. Wannan gado naku ne tun Bature bai kafa aji ko ɗaya a ƙasar Hausa ba.

Ko littattafan hira na boko da yara ke karantawa, daga gidajenku suka fito, kuma gasa ce ta fito da su. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban ofishin fassara da talifi a Zariya, ya zaga garuruwa yana roƙon masu ilmi su rubuta labari da Hausa, aka sa kyauta. Ya sha wuya kafin su yarda, don a ganin yawancinsu ƙaga labari tatsuniya ce, aikin mata da yara. Waɗanda suka amsa kaɗan ne, amma dubi abin da aka samu: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Imam da Bello 'ya'yan alƙali ne, sun sha karatun zaure kafin na boko. Imam kuwa a lokacin shekararsa 22 kacal, yana koyarwa a Midil ta Katsina, watau bai girmi ɗan ajin ƙarshe na yau da wani abin kirki ba. Daga wannan gasa aka gane shi, aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sa'an nan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da ba a sa gasar ba, wa ya san ko da ya ƙare yana malamin aji, ba wanda ya ji sunansa bayan Katsina?

Haka abin ya ci gaba. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ta 1978 ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda aka buga a 1980. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016. Sai dai waɗannan filaye ne masu faɗi, inda manyan marubuta ke karawa. Yarinyar da ke makarantar kwana a ƙasar Gwaram ko Jahun tana bukatar ƙaramin fage kusa da gida, inda za ta fara gwada ƙafarta.

Abin da mu ke kira gare shi ke nan: a sa gasar rubutu ta shekara shekara ga 'yan sakandare na masarautar Dutse, maza da mata, attajirai su ɗauki nauyi, malamai su zauna alƙalanci tare da malaman Hausa na makarantu da na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011. Ba baƙon abu mu ka kawo ba. Tun 1986 da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, kowa ya ga yadda kyauta da yabo a bainar jama'a ke sa yaro ya kwana kan allo. Kuɗin da a ke bukata bai kai na buhunan riɗi kaɗan ba. Tsofaffin ɗaliban makarantun nan ma akwai masu hali cikinsu. Alhaji Aliko Ɗangote kansa a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi sakandare.

Amma ran gasar duka yana ga kan maganar da za a ba yara, kuma nan ne mu ke so a natsu. A ba su abin da ba ya cikin waya. A ce wa yaro ya je wurin kakansa ya tambayo yadda Dutse ta ke kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka yanke Jigawa daga Kano, garin ya wayi gari babban birnin jiha, ya rubuto abin da tsohon ya gani da idonsa. A ce wa wani ya bi mai dabino tun daga barbara har zuwa sayarwa, ya bayyana aikin daki daki. Wani ya wuni a Shuwarin ya rubuto yadda dillali ke ƙulla ciniki, da kalmomin da a ke yi da su, da inda la'ada ke fita. Ɗan Birnin Kudu ya hau Dutsen Habuɗe ya siffanta zanen shanun da mutanen da suka bari a jikin dutse, ya kuma jiyo abin da dattawan gari ke faɗa a kansa. Wani ya jiyo tarihin unguwarsu a Garu. Irin wannan ba ya kwafuwa, tilas sai an taka, an gaida manya, an saurara, sa'an nan a zauna a tsara. Riba biyu ke nan, don yaro ya koyi rubutu, mu kuma mun tsirar da labarin da ke shirin bin tsofaffi kabari. Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe kuwa a tara su ɗaki ɗaya, su rubuta a gaban alƙalai, kowa da takardarsa da alƙalaminsa.

Mun san akwai mai cewa, to, labarin gaskiya mun ji, amma ƙagagge fa, ai ƙarya ce. Muna tuna masa da Maƙamatul Hariri da a ke karantawa a zaurukanmu don koyon lugga. Kowane ɗalibi ya san Abu Zaidi mutumin Saruja ƙago shi aka yi, ba wanda aka yaudara, ba hakkin wanda aka ci. Abin tsoro shi ne batsa da cin mutunci, kuma maganinsu shi ne malami ya zauna cikin alƙalai. In ya ƙaurace, yaran ba za su fasa rubutu ba, sai dai su yi shi inda ba mai gyara musu.

Sa'an nan muna roƙo a karɓi rubutun ajami a gasar, daidai da na boko. Yawancin yaran nan sun yi makarantar allo, hannunsu ya san baƙi da wasali, amma ba wanda ya taɓa ce musu su rubuta Hausa da shi. Tun da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, wurin da yaro ke ganinsa ya ƙara ƙaranci. Akwai aiki a nan wanda sai malamai: su zauna su daidaita yadda za a rubuta haruffan da Larabci ba shi da su, irin na farkon ɓera da ɗaki da tsamiya, da inda za a sa imala, don kada ɗan Miga ya rubuta ɗan Buji ya kasa karantawa.

Game da kyauta, shawararmu a biya wa wanda ya ci kuɗin jarrabawarsa ta ƙarshe, a haɗa masa da littattafai, gama wannan ya fi amfani ga iyayensa bisa kofin da za a ajiye a ofis. A kuma tara rubuce-rubuce goma ko ashirin mafiya kyau a buga ɗan littafi, a raba wa makarantu, a karanta wasu a gidan rediyon jiha. Ba sai an jira masarauta duka ta shirya ba. Makaranta ɗaya da attajiri ɗaya da alƙalai uku sun isa a fara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo kasuwa, yara kuma ba su shiga zafin jarrabawa ba. Duk makarantar da ta fara, ta aiko mana da rubutun da ya zo na ɗaya, za mu buga shi da ajami a wannan shafi, tare da sunan yaron da na malaminsa da na garinsu.