Lafiyarka a Hannunka, Asibiti a Hannun Ƙuri'arka

'Yan'uwa manoma da makiyaya, iyaye mata da samari. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

In ka ce wa wasu 'yan siyasa babu magani a asibiti, sai su ce ai talaka ne ke jawo wa kansa ciwo. To, bari mu faɗi gaskiya tsakani da Allah: akwai namu laifin. Saurayi ya sha ƙwaya don ya yi noman mutum biyu, in ƙoda ta lalace sai a sayar da gonar gado. Magidanci ya ƙone kuɗin cefane a taba sigari. Gidan sauro da aka raba kyauta, da shi ake kare shuka daga awaki, yara kuwa zazzaɓi na kayar da su duk damina. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta shiga ɗakin ɗanka, kai ne za ka shiga. Kuɗin da ake kashewa kan ciwon da za a iya kauce masa, shi ne ba ya isa ga mace mai naƙuda.

Amma fa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tuna kurkunu. Mata suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, har a 2013 aka tabbatar babu shi a Nijeriya. Kowa ya yi nasa, ciwo ya gudu.

Su fa, sun yi nasu? A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta kai nan ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ku je shamaganin garinku ku tambaya: ina rabonmu?

Alkawarin jam'iyyarmu shi ne ruwa mai tsabta, da ungozoma a kowace mazaɓa, da lissafin kuɗin shamagani a manne jikin bango kowa ya gani. Naku kuwa: ku kai yara rigakafi, ku kwana cikin gidan sauro, ku tsawata wa samari, ranar zaɓe ku fito da wuri.

Kada ku sayar da ƙuri'a kan sabulu da taliya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu nasara, amin.