Salsalar Zuri'a a Tsohon Faifai

A Baturiya, cikin fadamar Kogin Haɗeja, an san ɓarnar da ambaliya ke yi wa takardun gado; ta 2022 ba ta gushe daga zukata ba. Sai dai salsalar zuri'a da aka buga a kwamfuta shekaru ashirin baya ita ma tana salwanta, ba da ruwa ba. Sabuwar kwamfuta ba ta karɓar faifan filofi, kuma rubutun da ya riga yaɗuwar Unicode yakan buɗe da ɓ, ɗ da ƙ a dagule, sunan kaka ya rikiɗe. LibreOffice na buɗe fayilolin WordPerfect, amma gyaran sunaye sai dattijon da ya san masu su. Saboda haka wajibi ne a kwafe su yanzu, tun shaidu na raye.